A Raba Zauren Maƙera Da Na Masu Amfani?

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu ƙera manhajar kwamfuta, watau ko su riƙa shawara a zaure ɗaya da masu amfani da ita, ko kuwa kowane ɓangare ya sami nasa. Mun ga ya kamata mu sa baki, gama akawuna da malaman makaranta su abin ya fi shafa.

Sa'ad da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fito da Linux cikin 1991, ba a bukaci rabo ba, don yawancin masu aiki da ita su ne masu gyaranta. Da jama'a suka yawaita sai al'amari ya sake. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa cikin 1993, ta ware wa masu tambaya wurinsu, maƙera kuma nasu. Ba mu ga laifin wannan ba. Maƙerin da ke tsakiyar zuga, in aka dame shi da tambayar yadda a ke riƙon fartanya, lalle ƙarfe zai huce. Shi kuma sabon shiga, in ya ji manya na muhawara da kalmomin da bai sani ba, kunya za ta hana shi buɗe baki.

Amma fa rabon yana da hatsari, mu kuwa mun ɗanɗana. Ku dubi haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba su lamba, duk da haka shekara da shekaru akawu na buga kasa inda ya ke nufin ƙasa, baki inda ya ke nufin baƙi, don allon bugawar da aka kawo masa ba ya da su. Kukan ya yi ta yawo tsakanin akawuna, ya daɗe bai kai kunnen maƙera ba.

Mu a kwalejin horon malamai ba mu sallamar ɗalibi sai ya yi makonni yana koyarwa gaban yara. To, haka mu ke so a yi a nan. A raba zaure, amma kowane mako a sa maƙeri ɗaya ya zauna da masu tambaya, ya tattara koke-kokensu ya kai wa 'yan'uwansa. Wanda kuma ya kawo ƙarar wani aibi, a sanar da shi ranar da aka gyara, ko dalilin da ya sa aka ƙi.