FILIN LAKWAL: Faɗan yara ya tsaya a lakwal

A watan Oktoba ake komawa lakwal a Nijar. Lokacin nan kuwa kaka ce. Dammunan hatsi suna gona, wake bai gama shiga gida ba, ga dabbobi sun fara gangarowa daga arewa. Hukuma ba ta sakin gonaki sai wajen ƙarshen shekara. Kafin nan, manomi da makiyayi kowa zuciyarsa a kusa take. Ɗiyansu kuwa benci guda suke zama.

Yaro kunne gare shi. Abin da ya ji ubansa ya faɗa da dare, shi zai kawo aji da safe. Sai a ji faɗa ya tashi a kan bik, ko kaye, ko layin shan ruwa. Kafin mushe ya iso, wani ya ce wa wani ɗan ɓarawon hatsi, wancan ya rama da jifa. Yaro ya koma gida da rotsi, uba ya ɗauko sanda, dangi su bi bayansa. Ta haka faɗan bik yake zama rigimar gari da ruga.

Mutanen jihar Maradi sun san inda gaba take kaiwa. A shekarar 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka sama da ɗari, yawancinsu mata da yara. Ba daga lakwal wutar ta tashi ba, amma ba wanda yake son lakwal ta zama wurin hura irinta.

Maganin abin shi ne a kashe faɗa ranar da ya tashi, a wurin da ya tashi.

Da farko mushe ya raba su, ya bari su huce. Sannan ya ji ta bakin kowa, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba. Kada ya tambayi ɗan wane ne, ya tambayi me ya faru. Bulala tana sa yaro shiru, amma ba ta fid da ƙulli daga zuciya. A hanyar gida za su ƙarasa. Wanda ya karya bik ya biya, wanda ya yi zagi ya nemi gafara, su gaisa kafin a tashi.

In an ji ciwo, kada a bar yaro ya kai labari shi kaɗai. Direkta ya sa a duba raunin, ya taka da kansa zuwa gidajen biyu, tare da mutum guda na kwamitin kula da lakwal, wato CGDES. Aikin kwamitin nan bai tsaya ga yin rumfunan kara da tara kuɗi ba. In akwai ruga kusa, ya kamata makiyaya su sami wakili a ciki. Ƙungiyar uwaye mata ita ma tana da amfani ƙwarai, don su suke fara jin abin da yara suke ɓoyewa. Abin da ya fi ƙarfin kwamiti, a kai wa maigari da arɗo su zauna tare.

Akwai kuma gadon kakanni, wato wasan taubasai: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Ba'are da Bafillace. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Ya kyautu a koya wa yara ƙa'idarta: taubashi ana tsokanarsa, ba a cutarsa, ba a riƙe shi a zuciya. Amma su san wasa daban, gori daban.

Sauran magana ta iyaye ce. Wanda ɗansa ya shigo da kuka, ya ba shi ruwa ya sha, da safe ya je ya ga direkta. Kada ya ce masa: "In ba ka rama ba, kada ka shigo mini gida." Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Yaran da suka yi kokawa yau, gobe tare za su buga ƙwallo, in dai manya ba su sa baki ba. Nan gaba kuma su ne za su raba rijiya guda da burtali guda.