Mu Ne Za Mu Kira Wani Baƙo?



Tun da hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan ta damƙa ragamar ƙungiyar ƙasa a hannun Kwesi Appiah, mutumin Gana, a watan Satumba na 2023, bakin jama'armu ya rabu biyu. Samarinmu, daga Mai Wurno har Rusairis, daga ƙauyukan Jazira har garuruwan da yaƙi ya watsa mu, sun kyautata masa zato, kuma zaton nan ya ƙara ƙarfi lokacin da gasar cin kofin Afirka ta Maroko ta ƙarato a ƙarshen 2025. A ɗaya gefen akwai wasu 'yan'uwanmu, akasarinsu masu furfura irin tamu, da ke ɗaukar wannan murna wautar ƙuruciya. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, wai baƙo ba zai ji ciwon ƙasar da ba tasa ba. Ta biyu, wai ya yi ganganci da ya buɗe ƙofa ga yaran da suka taso a Turai, waɗanda rabonsu da ruwan Nilu tun suna ƙanana, alhali ga 'yan gida. Da waɗannan 'yan'uwa muke magana yau, cikin girmamawa amma ba rufa-rufa: samarin sun fi ku gaskiya, kuma hujjar da kuka ɗauko wuƙa ce da aka wasa domin wuyanmu.

Mu fara da abin da ido ya gani, domin gani ya kori ji. Lokacin da mutumin nan ya karɓi aiki, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya riga ya tsayar da gasar ƙwallo ta ƙasa. Filayen Khartum da Umdurman sun fita daga hannun 'yan wasa. Hilal da Marrikh, iyayen ƙwallon ƙasar nan, sai da ta kai su ga shiga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025 don kada ƙafafun yaransu su yi tsatsa. Ƙungiyar ƙasa kuwa ta koma karɓar baƙinta a filayen aro, irin na Bangazi a Libiya. A cikin wannan hali ne ta doke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da ci ɗaya da nema a watan Nuwamba na 2023. A watan Oktoba na 2024 ta riƙe Gana canjaras a Akara, sannan ta ci ta biyu da nema a Bangazi. Wata ɗaya bayan haka ta samu gurbin zuwa Maroko, Gana mai kofin Afirka huɗu ta zauna a gida. A watan Agusta na 2025, a gasar 'yan wasan da ke buga ƙwallo a cikin ƙasashensu, ta zura wa Najeriya huɗu ba ko ɗaya a Zanzibar, ta fitar da Aljeriya a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Yaron da ya ga wannan duka ya sa rai, me ya yi na wauta? Manomin Jazira da ya ga ruwa ya cika tur'a, laifi ne ya fito da iri?

Sai batun baƙunta. Appiah ya zauna a Khartum yana horar da ƙungiyar Khartum Watani daga 2014 zuwa 2017, saboda haka ya san zafin ƙasar nan da halin 'yan wasanta tun kafin a kira shi. Kafin nan shi ne ya kai Gana gasar cin kofin duniya ta 2014 a Barazil. Amma ko da a ce bai taɓa taka ƙasar nan ba, ranar jarrabawarsa ta zo ta wuce. An haɗa shi da ƙasar haihuwarsa, wadda ya taɓa ɗaura wa kambun kyaftin, a wasan da faɗuwarta ke nufin kunya gare ta a idon duniya. Da amanarsa mai rauni ce, a nan za ta tsage. Ya riƙe amanar waɗanda suka ɗauke shi aiki, ya kayar da 'yan'uwansa. Mu da muka zauna gaban malamai mun san cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunar taron dangi ta tunkaro Madina, shawarar Salmanu Bafarishe, Allah Ya yarda da shi, aka ɗauka aka haƙa ganuwa, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. Ba wanda ya tsaya tambayar garin kakansa kafin ya ɗauki diga. Ba muna daidaita wasa da jihadi ba ne, Allah Ya kiyaye. Ma'aunin ne ɗaya: mutum da amanarsa da iyawarsa ake auna shi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Kiran ɗan wasan da ya taso a waje kasada ce ta gaske. Muhammad Isa da ƙanensa Abubakar Isa a Ingila suka girma, a ƙananan rukunan gasar can suka yi suna, a ƙungiyoyi irin su Cheltenham da Grimsby, inda ciyawa ke jiƙe kuma sanyi ke kora ɗan wasa gudu. Wanda ya saba da haka zai iya narkewa a zafin Afirka. Zai iya kasa fahimtar abokan wasan da suka shekara goma suna karanta ƙafar juna a Hilal ko Marrikh. Kuma duk rigar da aka ba shi, daga hannun wani ɗan gida aka karɓe ta. Tarihin ƙwallonmu ma ya koya mana cewa suna daga nesa yakan yi ƙara fiye da ganga. Masu shekaru sun tuna yadda Marrikh ta sayo Stephen Worgu daga Enyimba ta Najeriya bayan ya fi kowa zura ƙwallo a gasar zakarun Afirka ta 2008, da kuɗin da ya haura dala miliyan biyu. An yi ta shewa a Umdurman, amma kofin zakarun Afirka bai zo ba har yau.

To sai dai kasadar nan ba ɗaya take da waccan ba. A wancan lokaci dukiya aka zuba a kan mutum ɗaya alhali gasar gida tana da rai. Yanzu kuwa rijiyar ce ta ƙafe. Ɗan wasa ba ya riƙe ƙarfinsa da atisaye kaɗai, sai da wasa na gaske mako bayan mako, kuma wannan ne yaƙi ya hana mafi yawan 'yan gida. Mai horarwar da ya ga haka ya ƙi duba 'ya'yan ƙasar da ke buga wasa kullum a waje, shi ne ya cancanci a kira shi mai ganganci. Kiran nan ba a biyan kuɗin saye a kansa: in yaro ya yi, a riƙe shi, in bai yi ba, ya koma inda ya fito. Game da zargin cewa an yi watsi da 'yan gida, wasan Zanzibar ya isa amsa, domin dokar wannan gasa ba ta yarda a sa wanda ke wasa a Turai ba. Da 'yan gida zalla aka ci Najeriya huɗu, kuma wannan mai horarwar ne ya shirya su.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, don ba sakamakon wasa ne ya hana mu barci ba. Kalmar da muke ji a bakin wasunmu ita ce, wai waɗannan yara ba 'yan Sudan na asali ba ne. Subhanallahi! Daga bakin Bahaushen Jazira wannan magana ke fitowa? Kakanninmu sun biyo hanyar gabas, wasu da niyyar Hajji, wasu a ayarin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Nilul Azraƙ, garin da ya kafa yana ɗauke da sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannayen iyayenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta ɗauki nauyin baitulmalin ƙasar nan shekara da shekaru. Duk da haka, da aka zo rubuta dokar zama ɗan ƙasa a 1957, sai aka ja layi a ƙarshen shekarar 1897, wanda kakansa ya iso bayan nan ya zama abin tuhuma. An sassauta dokar daga baya, amma tuhumar ta zauna a zukata. Wane gida ne a cikinmu bai san zafin a tambayi mutum asalin kakansa a garin da aka binne cibiyarsa ba?

Kuma mun ga inda wannan kalma take kaiwa idan ta girma. A watan Yuli na 2022, rikici kan ƙasa da kan neman sarautar gargajiya ga Hausawa ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ, rayuka fiye da ɗari suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu. A watan Oktoba na shekarar wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi. Jama'armu suka fita tituna a Khartum da Kasala da Bur Sudan suna faɗin abu ɗaya: mu 'yan ƙasa ne. Wanda ya yi wannan kira jiya ba shi da bakin da zai tsaya yau yana tace jinin wani. In muka yarda cewa shekarun da yaro ya yi a Landan sun wanke masa zama ɗan Sudan, mun sa hannu a kan ƙa'idar cewa zama ɗan ƙasa abu ne da 'yan majalisar shayi ke bayarwa su karɓe. Ranar da aka juyo da ƙa'idar nan kanmu, da wace hujja za mu kare kai? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Akwai kuma darasi a ranar wasan Zanzibar. Ƙasar da kakanninmu suka baro ce a gefe ɗaya, ƙasar da aka haife mu a ɗaya gefen. Samarin da kuke kira marasa tunani ba su yi shakkar inda zuciyarsu take ba, Suƙurul Jidyan suka goya wa baya, da Hausa a bakinsu. Abin da dattawa suka shekara suna rubuta wa hukumomi a takardun koke, yaran nan sun faɗe shi da ihun murna. Wannan ya cancanci a sa musu albarka.

Wasu za su ce ai ƙwallo lahawu ne, bai dace a yi ta maganarsa ba ana zubar da jini. Mun yarda cewa wasan da ya hana salla ko ya jawo caca da zagi abin ƙi ne. Amma Madani da aka ƙwace a watan Disamba na 2023 aka dawo da ita a Janairun 2025, ita ce Madanin da ta karɓi wasu wasannin kofin Afirka na 1970, shekarar da Sudan ta ɗauki kofin bayan ta doke Gana a Khartum. Yaron da ya rasa makaranta da gona, ya kwana a ajin da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, idan ya samu abu ɗaya da ke tuna masa cewa ƙasarsa tana nan da suna da tuta, kada mu ƙwace masa. Akwai masu kiransa zuwa ga bindiga, kuma muryarsu ta fi tamu ƙarfi.

Ku ma samari, ga naku kashin. Sa rai halal ne, amma a sa shi da ido buɗe. Ƙungiyar da ta kayar da Gana ita ce Nijar ta lallasa da ci huɗu ba ko ɗaya a watan Nuwamba na 2024. Mun taɓa hawa saman rukuninmu a neman gurbin kofin duniya, muka ƙare a bayan Senegal da Kwango. A gasar Maroko, da Aljeriya da Burkina Faso da Ikwatoriyal Gini aka haɗa mu, kuma ba mai rangwame a cikinsu. Idan rana ta ɓaci, ranar ce jarrabawarku. Kada bakin da ya yi wa Appiah kirari ya juya ya kira shi baƙo, kada ku ɗora laifin a kan yaron da ya zo daga Ingila don Larabcinsa bai nuna ba. Ku ce ya ɓarar da ƙwallo, ku ce ba ya gudu, ku ce a sauya shi, wannan duk haƙƙin mai kallo ne. Asalinsa ku bar masa.

Sa'an nan mu juya ga namu aikin, mu dattawa da masu riƙe musu alƙalami. Ƙofar da aka buɗe wa ɗan Landan hujja ce a hannunmu: in ƙafa ake tambaya, to a zo a duba ƙafafun yaran Mai Wurno da na kanabin Jazira. Amma mai neman 'yan wasa ba ya ɗaukar yaron da ba shi da takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa, domin ba za a yi masa rajista ba, balle fasfo. Kowane mai unguwa ya bi gidaje ya tabbatar yaran da yaƙi ya ƙone wa takardu sun sabunta su. Kowane ƙauye da jama'a suka fara komawa ya ware fili kafin a cinye shi da gini. Ƙungiyoyin unguwanni su nemi rajista a hukumomin ƙwallo na yankunansu, a Sinnar da Madani da Damazin, don wasan da ba a rubuta shi ba, ba mai ganinsa daga Khartum. Malaman allo kuma su san cewa yaron da aka ba sa'a ɗaya bayan la'asar ya fi dawowa karatun dare da natsuwa.

Allah Ya kashe wutar wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa. Ya ba 'ya'yanmu nasara, waɗanda suka taso a Umdurman da waɗanda suka taso a Landan baki ɗaya. Wassalamu alaikum.