Sharhi: Facin da ya shekara ashirin yana jan ƙafar manhajar Linux

A watan Satumban 2022, wani injiniya na kamfanin AMD na Amurka, K Prateek Nayak, ya gano cewa wani tsohon gyara da aka yi wa manhajar Linux tun wajen shekarar 2002 yana rage saurin wasu kwamfutoci na zamani.

Linux dai ita ce manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a 1991, wadda kowa ke da damar duba rubutunta da kuma gyara shi. A kanta ne wayoyin Android da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suka dogara.

Asalin matsalar

A kan babban allon kowace kwamfuta akwai wasu ƙananan na'urori da ake kira cifset, waɗanda ke sada ƙwaƙwalwar kwamfutar da sauran sassanta.

Wasu cifset na farkon shekarun 2000 suna da nawa: idan aka umurci ƙwaƙwalwar ta ɗan huta domin tsimin wutar lantarki, ba sa tsayar da ita a kan kari. Don haka masu rubuta Linux suka yi faci, wato suka sa ƙwaƙwalwar ta riƙa yin wani aikin banza na ɗan lokaci har cifset ɗin ya kimtsa.

Sababbin na'urorin AMD ba su da wannan lahani, amma facin ya ci gaba da aiki a kansu. Jinkirin kan sa manhajar ta ɗauka cewa babu aiki a gaba, sai ta ƙara tura ƙwaƙwalwar dogon hutu, alhali aiki na jira.

Abin sha'awa shi ne, wani injiniyan kamfanin Intel, babban abokin hamayyar AMD, mai suna Dave Hansen, shi ya rubuta gyaran da ya raba na'urorin AMD da facin. Gyaran ya shiga Linux 6.0 da aka fitar a watan Oktoban 2022.

Me ya sa ake faci?

Da zarar na'ura ta shiga kasuwa da lahani, sauya ta na da tsadar gaske. A watan Janairun 2011, Intel ya amsa cewa akwai lahani a wani sabon cifset nasa da manhaja ba za ta iya magancewa ba, kuma ya ƙiyasta cewa sauya su zai ci kimanin dala miliyan 700.

Saboda haka, a duk inda zai yiwu, a kan manhaja ake ɗora nauyin. Haka aka yi a 2001, lokacin da wani cifset na kamfanin VIA na Taiwan ya riƙa lalata bayanai yayin kwafar manyan fayiloli. A yau Linux na ɗauke da dogon jerin na'urori masu lahani, kowace da irin lallaɓawar da ake yi mata.

Bugu da ƙari, kamfanoni da dama da Windows kawai suke gwada kayansu. Wannan ne ma ya sa idan babban allo ya tambayi Linux ko wace manhaja ce, takan amsa cewa ita Windows ce, domin ta bi hanyar da aka riga aka gwada.

Tsaka mai wuya

Abin tambaya a nan shi ne, yaushe ya kamata a cire faci?

Idan aka bar shi, yana iya zama kaya ga sababbin na'urori, kamar yadda aka gani a 2022. Idan kuma aka yi garajen cire shi, tsofaffin kwamfutoci ne za su ji jiki, ciki har da na gwanjo da ake amfani da su a makarantu da shagunan buga takardu a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar.

Hanyar da aka bi a 2022 ita ce ta taƙaita facin maimakon share shi baki ɗaya. Sai dai hakan na buƙatar a san ainihin na'urar da aka yi facin dominta, abin da ba kasafai ake rubutawa dalla-dalla ba.

Ko da yake an shekara ashirin kafin a farga, kasancewar rubutun Linux a buɗe yake ne ya ba injiniyan AMD damar bin sawun matsalar har tushenta, kuma cikin 'yan kwanaki aka magance ta.