RA'AYINMU: Ciwon Damuwa Yana Da Magani, A Daina Jinkirta Shi

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata larura da ke kwance a gidajenmu, tun daga Sundimina har ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, wadda muka daɗe muna kiranta da sunan da ba nata ba. Mai jego ce za ta daina magana, ta kasa barci, ta riƙa kuka ba dalili, ta ce ita ba uwar kirki ba ce. Ko magidanci ne ambaliya ta cinye masa gona, a wuce damina a wuce kaka bai farfaɗo ba, ya bar zuwa majalisa, abinci ma sai an matsa masa. Mu kuwa sai mu ce iska ce, ko sammu, ko mu yanke masa hukunci mafi zafi, wato wai raunin imani ne ya kai shi.

Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Alamarsa ita ce baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai, kusan kullum, har mako 2 ko fiye, tare da rikicewar barci, kasala, da ganin kai ba a bakin komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, mata sun fi yawa. Idan aka ƙyale shi yakan kai mutum ga halaka kansa.

Masu cewa raunin imani ne, muna tunatar da su Annabi Yaƙubu (AS), wanda baƙin ciki ya taɓa masa gani, da kuma shekarar da Nana Khadija ta rasu, wadda malaman tarihi suka kira shekarar baƙin ciki. Ba muna cewa annabawa sun yi wannan ciwo ba ne, a'a. Muna cewa ne zuciya mai imani tana jin raɗaɗi. Haka nan Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauka ba sanadi, ya danganta na biyun da jiki. Ya kuma yi nasiha da a tanadi kyawawan tunani a lokacin lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida, a kuma nemi mai hikima a zanta da shi.

To, wannan zantawar ita ce yau ta zama fanni na ilmi. Majinyaci yakan zauna da wanda ya koyi aikin sau ɗaya a mako, ƙasa da awa guda, na makonni kamar 6 zuwa 20. Ba wa'azi ake masa ba, ba kuma faɗa ba. Idan ya ce ba shi da amfani ga kowa, sai a ɗauki maganar a auna ta tare, mene ne shaidarta, mene ne kuma ke rushe ta. Sa'annan a yanka masa aiki ƙarami: yau ya leƙa gona, gobe ya kai wa ɗan'uwa ziyara, don ciwon yana ƙaruwa ne da zaman ɗaki. Abin da ya faɗa kuwa amana ne. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna yin wannan a kan benci a harabar asibiti, bincike kuma ya nuna masu zuwa suna samun sauƙi. Idan ciwon ya tsananta akan haɗa da ƙwayoyi, waɗanda sai bayan makonni ake ganin amfaninsu, kuma kada a yanke su ba da izinin likita ba.

Addu'a da azkar da ruƙya ta shari'a ba mu hana ba, mu ne ma masu kira gare su. Abin da muke ƙi shi ne a wuni ana dukan mara lafiya da sunan fitar da aljani, ko a sa masa mari. Ba mu manta da waɗanda aka fito da su cikin sarƙa a Rigasa da Daura a 2019 ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin irin waɗannan bayin Allah.

Don haka muna kira ga limamanmu da malaman Islamiyya, musamman malamai mata masu shiga gidaje: wanda ya haura mako 2 a wannan hali a raka shi asibitin da ke kusa, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, daga nan likita ya tura shi Kazaure ko Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano idan da buƙata. 'Yan agaji su ɗauki nauyin kuɗin mota ga marasa hali. Wanda kuwa aka ji yana ambaton ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi daga ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar.