In An Tashi Tuɓe Shugaba

Akwai wata kalma da kakanninmu suka sani tun kafin zuwan siyasar jam'iyyu, watau tuɓewa. Sarki ake tuɓewa, ko hakimi, kuma daga sama hukuncin yake saukowa, talaka sai dai ya ji labari a kasuwa. Yanzu kuwa kalmar da ta kama bakin mutane ita ce tsigewa, an ce wakilan da talaka ya zaɓa da hannunsa su ne ke da ikon fid da Gwamna ko Shugaban Ƙasa daga kujera in ya yi babban laifi. To, 'yan'uwana ɗalibai, tun da yake yawancinmu gobe za mu tsaya gaban allo mu koya wa yara yadda ake mulkin ƙasarsu, ina ganin ya kamata mu dubi wannan al'amari da idon basira, kada mu je mu karanta musu abin da ke cikin littafi kaɗai, su girma su tarar abin da ake yi dabam ne.

Ga yadda Tsarin Mulki na 1999 ya shirya abin a sashe na 143. Da fari sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya sun sa hannu a takardar ƙara. Su 469 ne duka, Dattawa 109, Wakilai 360, saboda haka ana bukatar mutum 157. Sa'an nan kowace majalisa ta jefa ƙuri'a ko a bincika ko kada a bincika, kuma sai an sami kashi biyu cikin uku, watau Dattawa 73 da Wakilai 240. In an samu, Babban Jojin Ƙasa ya naɗa mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba, su yi bincike cikin wata uku. In suka ce ba laifi, magana ta mutu nan take. In suka ce da laifi, sai a sake komawa ga kashi biyu cikin uku. Wanda ya karanta wannan zai ce lalle shari'a ce sosai. Amma da ya kai wurin da aka fassara babban laifi zai ga an ce shi ne mummunan karya Tsarin Mulki, ko kuwa duk wani hali da Majalisa ta ga a ra'ayinta ya kai babban laifi. A nan gizo ke saƙar. In ra'ayin Majalisa ne ma'auni, ashe wanda ya fi yawan kawuna a zaure shi ke riƙe da mudu.

Ba a taɓa tsige Shugaban Ƙasa a Nijeriya ba, amma an taɓa yunƙuri mai ƙarfi. Ran 13 ga Agusta 2002 Majalisar Wakilai, a ƙarƙashin Kakakinta Alhaji Ghali Umar Na'Abba, mutumin Kano, ta ba Shugaba Olusegun Obasanjo mako biyu ya yi murabus, im ba haka ba ta tsige shi. Abin mamaki, Kakakin da Shugaban duk 'yan PDP ne, kuma jam'iyyar ce ke da rinjaye a majalisun biyu. Laifuffukan da aka jera ba ƙanana ba ne. An ce ba ya aiwatar da kasafin kuɗi yadda Majalisa ta zartar, an ce yana kashe kuɗin da ba a amince masa ba, an kuma ce ya aika da soja garin Odi a Jihar Bayelsa cikin 1999, da Zaki Biam a Jihar Binuwai cikin 2001, ba da yardar Majalisa ba, aka kashe mutane aka rushe gidaje.

Ku lura da yadda aka kāre shi, don a nan darasin yake. Shugaban da kansa ya kira abin wasa ne da aka zarce da shi. Magoya bayansa kuwa ba su ɓata lokaci kan kasafin kuɗi ko Odi ba, sai suka juya tambayar: wa ya aiko Na'Abba? Suka ce zaɓen 2003 ne ya matso, ana so a karya wa mutum ƙafa kafin ranar tsere. Wasu suka ce Arewa ce ta ba da aron mulki tana so ta karɓe tun wa'adi bai cika ba. Mutanen ƙasar Yarabawa, waɗanda yawancinsu Olu Falae suka zaɓa cikin 1999 suka juya wa Obasanjo baya, sai ga su sun taru a bayansa, don yanzu an ce ɗansu ake so a wulaƙanta. Ban ce duk waɗannan zarge-zarge ƙarya ne ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai a cikin masu ƙarar akwai waɗanda zaɓe ne kaɗai a ransu. Amma ku gaya mini, in yaro ya kawo ƙarar monita cewa ya cinye kuɗin aji, monita ya ce ai yaron nan kujerata yake so, wane malami ne a cikinmu zai ce shi ke nan, ku koma ku zauna? Ai sai a ƙirga kuɗin tukuna. Mugun nufin mai ƙara ba ya mai da kuɗi cikin akwati.

Daga baya Shugaban ya rubuta amsa, ya musanta laifuffukan, jam'iyya ta shiga tsakani, tsofaffin shugabanni biyu, Janar Yakubu Gowon da Alhaji Shehu Shagari, suka sa baki, aka yi sulhu kafin shekara ta ƙare. Maganar ba ta taɓa kaiwa gaban mutum bakwai ɗin nan ba. Obasanjo ya sake cin zaɓe cikin Afrilu 2003, Na'Abba kuwa bai koma Majalisa ba.

Na san abin da waɗansu za su ce, har malamanmu da suka ga zamanin soja da idonsu. Za su ce shekara uku kacal ke nan da soja suka koma bariki, kuma rigimar 'yan siyasa ce ta buɗe musu ƙofa cikin 1966 da 1983, saboda haka dattawan da suka kashe wutar sun yi wa ƙasa aiki. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka yi sulhun tsakanin manya kaɗai. Shugaba ya tsira da kujerarsa, 'yan majalisa suka tsira da fuskarsu, jam'iyya ta tsira da haɗin kanta. Matar da aka ƙone wa ɗaki a Zaki Biam fa, da wa aka sulhunta ta?

Kada kuma wani ya ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. A Amurka, inda muka aro wannan tsari cikin 1979, haka abin yake. Sa'ad da aka gurfanar da Shugaba Bill Clinton gaban Majalisar Dattawansu cikin 1999, ko mutum ɗaya daga jam'iyyarsa bai ce yana da laifi ba. Da aka gurfanar da Donald Trump cikin 2020, mutum ɗaya tak daga tasa jam'iyyar, Mitt Romney, ya saɓa wa 'yan'uwansa. A karo na biyu, cikin 2021, bakwai suka saɓa, aka tashi 57 da 43, alhali kuwa 67 ake bukata. Wanda ya bar kujera saboda irin wannan shi ne Richard Nixon cikin 1974, shi ma ba a kai ga tsige shi ba, manyan jam'iyyarsa ne suka je suka gaya masa ƙuri'unsa sun ƙare, ya yi murabus. Watau ko a can, abokan gaba ba su isa su fid da shugaba ba sai nasa sun sake shi.

Wuƙar nan kuma baki biyu gare ta. Yawan da ke kāre shugaba ko da an kawo ƙara mai nauyi, shi ne kuma ke yanka wanda ba shi da mutane. Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa ya ci Gwamnan Kaduna cikin 1979 a jam'iyyar PRP, amma NPN ce ta cika Majalisar Dokokin jihar. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika suka ƙi su, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, shi ne Gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Ya nemi kotu ta shiga, kotu ta ce Tsarin Mulki na 1979 ya ɗaure mata hannu. Sai cikin Disamba 2006, a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka taru a wani otal a Ibadan suka ce sun tsige shi, Kotun Ƙoli ta yanke cewa alƙali yana da ikon dubawa ko an bi ƙa'ida, ta mai da shi kujerarsa.

Mu a nan Bauchi ba sai an ba mu labarin nesa ba. Malam Isa Yuguda da mataimakinsa Alhaji Garba Gadi sun ci zaɓen 2007 tare a jam'iyyar ANPP. Cikin 2009 Gwamna ya koma PDP, mataimaki ya ce shi yana nan inda jama'a suka zaɓe shi. Kafin watan Agusta ya fita Majalisar Dokoki ta tsige shi, cikin Yuni 2010 kuma Babbar Kotun Jiha ta ce ba a bi ƙa'ida ba, a mai da shi. Muna yara sa'ad da aka yi wannan, saboda haka na tambayi dattawan da ke zaman hira bayan la'asar a unguwarmu ta Ƙofar Wambai, waɗanda siyasa ba ta wuce su. Kowannensu ya tuna sarai cewa mutumin ya ƙi bin Gwamna. Wasu suka ce namiji ne, wasu suka ce taurin kai ne, mataimaki ai bin na gaba ne aikinsa. Gardama ta yi zafi har mai shayi ya bar tukunyarsa ya shigo. Amma da na ce to, mene ne laifin da aka rubuta a takardar ƙarar, sai wuri ya yi tsit. Ba wanda ya iya kawo ko ɗaya, daga masu yabonsa har masu zarginsa.

Ni ba na cikin masu cewa a sauƙaƙa tsigewa. Mutum miliyoyi suka zaɓi Shugaba, bai kamata 'yan ɗaruruwa su ture shi don sun yi fushi da safe ba, kashi biyu cikin uku ɗin nan a bar shi yadda yake. Abin da nake so a gyara ƙarami ne. Sashe na 143 ya ce ƙuri'ar a bincika ko kada a bincika za a jefa ta ba tare da muhawara ba. Ni a ganina a nan ne ya fi kamata a yi muhawara, a karanta ƙara da amsarta a fili, laifi bayan laifi, a sa a rediyo da Hausa da sauran harsuna, sa'an nan a kira kowane wakili da sunansa ya tashi ya faɗi inda ya tsaya. Wanda zai ce Shugaba nasa ne ba zai taɓa shi ba, to, ya faɗa da bakinsa mutanen mazaɓarsa suna ji. Ba na zaton wannan zai hana ɗan jam'iyya kāre nasa. Zai dai sa ya nemo hujja a kan abin da aka tambaya, ya bar zagin mai tambaya.

Ga masu shirya mana muhawarar ranar Asabar kuma ina da roƙo. A ba mu wannan batu na 2002, a raba mu biyu, amma da sharaɗi guda: duk wanda ya ambaci garin da mai ƙara ya fito, ko ƙabilar wanda ake ƙara, ko zaɓen da ke tafe, alƙali ya buga ƙararrawa ya zaunar da shi. Ina so in ga minti nawa kowane ɓangare zai iya yi a tsaye. Masu kāre Shugaban za su sami abin faɗa, don akwai 'yan sanda da aka kashe a Odi da soja da aka kashe a Binuwai kafin a aika da runduna, kuma Tsarin Mulki ya ba Shugaba riƙon askarawa. Masu ƙara su ma za su samu. Mutanen Odi kuwa kotu suka bi, cikin Fabrairu 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta umarci Gwamnatin Tarayya ta biya su diyyar naira biliyan 37.6, shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan an rushe garin.