A fito da 'yan firamare inuwa idan bazara ta kama

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, duk malamin firamare a ƙasar Gumel ya san karatun kirki yana ƙarewa kafin ƙarfe sha ɗaya. Abin da ya biyo baya jiran ƙararrawa ne kawai. Kwanon rufi ya ɗau wuta, a yawancin azuzuwa babu silin, yara sun cika ɗaki maƙil, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Malam na rubutu a allo, alli na jiƙewa a hannunsa. Na baya sun kife kai, na gaba suna fifita da littafi, kowane minti biyar wani ya ɗaga hannu: "Malam, zan sha ruwa." Haka za a yi ta yi har a tashi, a rubuta a rajista cewa an yi darasi.

Na koyar a firamare a wannan yanki har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Gagarawa Tasha. Ra'ayina shi ne a juya jadawalin makaranta a watannin bazara. A yi lissafi da Hausa da Turanci da sanyin safiya, kwanya na sake. Bayan tara, a fito da yara gindin itace su yi aiki da hannunsu, su motsa jikinsu. Manhajar firamare ta tanadi darasin aikin gona da na motsa jiki tun asali. Mu ne muka mayar da su abin kwafa daga allo, har yaron da ya kwana a gidan manomi yake haddace ma'anar taki da Turanci.

Aikin da na fi so a ba su shi ne rainon itatuwa, domin bazara ce lokacinsa, kuma ba ya cin kuɗi. Ledar fiya wata ta cika kasuwa da bakin titi. Yara su tsinto, a yanke bakin, a huda gindin, a cika da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki. Kowane yaro a ba shi tasa, ya rubuta sunansa a tsinke ya soke. Zogale ya fi dacewa da 'yan aji ɗaya da biyu, don yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙaramin yaro kuwa ba shi da dogon haƙuri. Manya a ba su gawo da kuka da dakwara, masu taurin ɓawo, waɗanda sai an jiƙa su da ruwan zafi ko an ɗan kankare su kafin su fito. Abin da aka shuka a Afrilu ya isa dashe a Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira damina kafin ya nemi iri ya yi asarar shekara.

Na ga abin da wannan ɗan aiki ke yi wa yaro da idona. Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ba ta buɗe baki a aji, ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Muka ba kowa rula, muka ce duk Litinin a auna tsiro a rubuta. Zogalenta ya fi na kowa sauri. Sai ga ta durƙushe da rula, tana gardama da wani yaro a kan cewa daga ƙasa ake fara awo, shi kuma ya fara daga bakin leda. Ita ke da gaskiya. Kafin ƙarshen zango tana cire awon makon jiya daga na wannan mako ba tare da an ce mata sunan abin da take yi ɗebewa ba. Wata rana akuya ta ci tsiron wani yaro, ya yi kuka sosai, 'yan ajin suka haɗu suka saro ƙaya suka yi shinge. Ban san darasin tarbiyya da zan rubuta a allo ya koya musu wannan ba.

Gawo shi kaɗai darasin kimiyya ne na mako guda. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Tambayi yara me ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, ka tura su gida su tambayi kakanninsu, ka ga irin amsoshin da za su dawo da su. Daga nan ka ba su labarin maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture idan suna sharar gona, suna barin toho biyu ko uku su girma. Sassaben zamani suke ce masa, kuma da shi suka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu. Daga Maigatari tafiyar ƙafa ce a tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin nan na ganuwar itatuwa don tare hamada ya ratsa, har aka kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015. Yaran da za su gaji ƙasar da ake son tarewa kuwa suna zaune a harabar da babu inuwar da za ta ɗauki aji ɗaya.

Na san abin da iyaye za su ce, don an faɗa mini. Wani dattijo ya same ni a bakin makaranta ya ce, "Malam, karatu na kawo shi ko noma? In noma ne ai ina da gona." Ban ga laifinsa ba. Mutanenmu sun sha ganin an kwashi 'ya'yansu an kai su gonar wani malami da sunan aikin gona, su yini suna sassabe, amfanin ya tafi rumbun wani. Wannan zalunci ne, kuma shi ya ɓata wa darasin suna. Saboda haka dole a gindaya sharaɗi. Aikin ya tsaya a harabar makaranta, kada ya wuce sa'a ɗaya, a yi shi a inuwa, kuma duk abin da aka yi da hannu a koma a rubuta shi a littafi, a lissafa shi. Idan lokacin dashe ya yi, rabi a dasa a makaranta, rabi kowane yaro ya kai gidansu. Uban da ya ga zogale a bayan ɗakin matarsa, ya ga littafin ɗansa cike da awo, ba zai sake yin waccan tambaya ba.

Sai wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Za a ce yaran ƙauye ai suna ɗebo ruwa, suna kiwo, suna talla. Gaskiya ne, amma wahala daban, wasa daban. A wasa ne yaro ke koyon bin doka da jiran layi da shan kaye ba tare da dambe ba. Kuma ba sai an sayo mana komai daga Kano ba. Langa tana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya da kare ɗan'uwa. Carafke tana horar da yatsun da za su riƙe fensir. A gaɗa, yarinya kan saki jikinta ta faɗa baya don ta amince ƙawayenta za su tare ta, tana kuma riƙe da amshi a ka. Dara kuwa, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, lissafi ce da hangen gaba, ana yin ta a zaune a inuwa, wanda ya dace da tsakar rana. Ina roƙon Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ake yaye yawancin malamanmu, ta sa ɗalibanta su fito da sanin yadda ake koyarwa da waɗannan wasanni, tun kafin waya ta gama kashe su.

Abin da muke kira wasannin bazara a yanzu shi ne atisayen faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Makonni ana jera yara a rana tsaka suna buga ƙafa, a zaɓi masu sabon yunifom, a bar saura. Ba na ƙin fareti, yara na son sa. A yi atisayen da safe, a kuma buɗe shi ga kowa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da ruwa, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Makarantar da ba ta da famfo ko rijiya ba ta iya shayar da yara, balle tsiro. Bazara ce kuma lokacin sanƙarau, cutar da ke son zafi da ƙura da cunkoso. A inda babu ruwa, a fara da randa biyu a kowane aji, kwamitin iyaye ya ɗauki nauyin mai kura ya cika su da safe. Ragowar ruwan wanke hannu ya wadatar da tsiron aji guda, don leda ba ta shan fiye da kofi.

Hedimasta ba zai taɓa jadawali da kansa ba, yana tsoron mai duba makarantu ya zo ya tarar da aji babu kowa. Takarda ɗaya daga sakatarorin ilimi na Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, da amincewar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a Dutse, ta isa ta ba shi wannan dama daga Maris zuwa Yuni. A fara da makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, waɗanda suke da ruwa da ko itace ɗaya, a ƙarshen zango a gwada karatun yaransu da na sauran. Tun yanzu kuma a sa wa kowane dashe aji mai kula da shi da shingen ƙaya, domin bayan girbi, idan aka saki dabbobi, a nan ne yawancin itatuwan makaranta ke mutuwa.