Kiɗan da aka yi cikin yunwa a Leningrad

Ranar 9 ga watan Agusta na 1942, sojojin Hitler na kewaye da birnin Leningrad kusan shekara guda. Mutane na mutuwa da yunwa a kan titi. A ƙarshen 1941, rabon burodin wanda ba ya aiki ya sauka zuwa giram 125 a rana. A cikin wannan hali aka buɗe babban zauren kiɗa na birnin, aka kaɗa Simfoni na 7 na Dimitiri Shostakovich.

Shostakovich ya soma rubuta kiɗan a Leningrad a 1941, aka kwashe shi zuwa Kuibyshev, can ya gama shi a watan Disamba. Kiɗa ne mai tsawon sama da awa guda, yana buƙatar makaɗa wajen ɗari. Da Karl Eliasberg ya kira ƙungiyar makaɗan gidan rediyo, wajen mutum 15 kaɗai suka rage da ƙarfin riƙe kayan kiɗa. Aka nemo wasu daga cikin soja, aka ƙara musu abinci. Kafin a fara, manyan bindigogin Sobiyet sun yi wa sansanonin Jamusawa luguden wuta don kada a katse taron. Aka kafa lasifika a tituna, har ta bakin daga.

Akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne: me mai jin yunwa zai yi da goge da kakaki? Maganar tana da nauyi, amma ta rasa wani abu. Maƙiyi ya so ya mai da mutanen birnin gawarwaki masu tafiya. Daren nan suka sa tufafinsu masu kyau, waɗanda suka yi musu yawa saboda rama, suka zauna suka saurara. A kashin farko, ƙaramar ganga na farawa a hankali, waƙa ɗaya na maimaituwa sau fiye da goma tana ƙara ƙarfi har ta cika zauren. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi.

Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Gwamnatin Stalin ta ba Shostakovich lambar yabo a 1942, ta aika kiɗan har Amurka don neman goyon baya. A 1948, gwamnatin nan ta zarge shi da kiɗan da bai dace da jama'a ba, ta raba shi da aikin koyarwa, ta hana kaɗa yawancin ayyukansa.

Matasa masu waƙa da fim su lura da wannan. Hukuma kan rungumi mai fasaha ranar da take buƙatarsa, ta juya masa baya ranar da ya ce wani abu dabam. Masu sauraro ne suka riƙe kiɗan Leningrad, har yau ana kaɗa shi, shekaru fiye da 30 bayan rushewar Tarayyar Sobiyet.